Giya 21 a Taɓon New Bell

 Sharhinmu na yau a kan keke ne, kuma ba keken gaba ɗayansa ba, 'yan ƙarafan nan da ke canja masa giya. Kada wani ya ce abin ya yi ƙanƙanta da zama zancen rediyo. Ta kansu ne kuɗin magidanta ke zurarewa a New Bell, mai shi bai san ta inda suka bi ba.

A watan Fabrairun 2023 litar fetur a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730. Da shekara ta zagayo ta koma 840. Mai bensikin ba zai haɗiye wannan ƙari shi kaɗai ba, a kan fasinja yake sauke shi. To magidancin da ke da yara, a kai su boko da safe, a kai su Islamiyya da yamma, ga yaron shago da ake ta aika tsakanin Marché Central da Marché Congo da Nkololoun, dole wata rana lissafi ya kai shi ga tunanin keke. Duwala dai ba Marwa ba ce, ba Garwa ba ce. Tun shekarun 1990 babur ya mamaye titunanta, mai keke a gefe yake raɓewa. Amma mai son saye yana samu. Sai dai abin da zai tarar ba Rale ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka hau ba ne. Abin da ke rataye a shagunan gwanjon Turai, waɗanda ake ce wa brocante, da shagunan sababbin kayan Sin, shi ne keken hawan dutse, VTT, mai kaurin taya da giya birjik.

Asalin wannan keke daga Kalifoniya ne a Amurka, inda wasu matasa a shekarun 1970 suke gangarowa da tsofaffin kekuna daga dutsen Tamalpais. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, daga nan abin ya bazu a duniya. Saboda hawan dutse aka tara masa giya. New Bell kuwa ba dutse. Wuri ne da Jamusawa suka ware daf da yaƙin 1914 don su kwashe mutanen Bell daga tudun Joss, daga baya baƙi suka cika shi, ciki har da kakanninmu fatake. Tudun suka riƙe, kwarin suka bayar. Abokin gabar keke a nan ruwa ne da yashi. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, alhali Kano ba ta samun ko rabin haka. Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan unguwar Hausawa a watan Agusta ya san abin da nake nufi.

Yanzu ga ka a gaban mai shago. Abu biyu zai gaya maka, kusan ko da yaushe su ne. "Alhaji, giya 21 gare shi. Kuma duba nan, Shimano ne." Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Giya 21 ɗin nan, faifan haƙora uku ne a gaba wajen feda, bakwai a baya jikin taya, aka ninka. A kan yawancin kekuna masu araha, na gaba haƙora 42 ne da 34 da 24, na baya kuma daga 14 zuwa 28. Ku saurari wannan lissafi, ba shi da wuya. In sarƙa tana kan 42 a gaba da 28 a baya, duk taka feda zagaye ɗaya taya za ta juya sau ɗaya da rabi. In ka mayar da ita kan 24 a gaba da 16 a baya, sau ɗaya da rabi ne dai, ba ƙari ba ragi. Giya biyu ke nan a bakin mai shago, ɗaya a ƙafarka. Haka 34 da 20, da 24 da 14, bambancinsu ƙafa ba ta jin sa. Ga kuma waɗanda bai kamata a hau ba sam, inda sarƙa ke karkacewa daga babban gaba zuwa babban baya tana cin kanta. In ka zubar da maimaici da masu cutarwa, abin da zai rage bai fi goma sha wani abu ba.

A cikin gari ma ba ka buƙatar duka. Faifan tsakiya kaɗai, mai haƙora 34, a kan taya mai inci 26, yana ba ka daga kimanin mita biyu da rabi zuwa mita biyar a kowane zagayen feda. Da mita biyar ɗin nan, mutum na takawa a natse zai yi kusan kilomita 20 a awa. Tsakanin New Bell da Akwa, wa ke barin ka ka yi fiye da haka? Ƙaramin faifan nan na 24 da babban na baya mai haƙora 34 da Shimano ke kira Megarange, amfaninsu sai ga wanda zai hau Buea a gindin Dutsen Kamaru, ko Nkongsamba. Shi kam ya neme su, zai gode Allah.

Sai maganar suna. Shimano kamfani ne na gaske, an kafa shi a garin Sakai na Japan a 1921, kuma shi ne babba a wannan sana'a. Amma kayansa hawa-hawa ne. A ƙasa akwai Tourney, sai Altus, sai Acera, sai Alivio, sai Deore, a sama can akwai SLX da XT da XTR na 'yan tsere. Dabarar masu haɗa keken araha ita ce su saka derayer ɗin baya, wato ƙarfen nan mai 'yan tayoyi biyu da ke ture sarƙa daga faifai zuwa faifai, na Tourney mafi ƙasƙanci, domin shi ido ke fara gani. Sauran kuwa, madannin da ke hannu, sarƙa, faifan baya, waya, duk marasa suna. Wani lokacin ma ka duba rubutun da kyau, za ka ga harafi ɗaya ya kauce, suna ne mai kama da suna. Ana cewa araha ba ta ado. Ni a wannan fage sai in ce arahar ce ta fi kowa ado, ita ce mai sitika bakwai da sifirin a tsakiyar keke. Wannan sifirin ɗin tsakiya, a kan keke mai araha, nauyi ne kawai da ɓata ƙarfin ƙafa, kuma kuɗin da ya ci daga jikin giya aka zare shi.

Ba ina kushe Tourney ba ne. Tourney na gaske, in an saita shi daidai, zai yi wa ɗan makaranta aiki shekara da shekaru. In akwai ɗan abin ƙarawa, akwai derayer ɗin Altus mai lamba M310, wanda za ku gane shi da manyan 'yan tayoyinsa, ɗaya haƙora 13, ɗaya 15. Yana aiki da giya 7 da 8, kuma a ganina daga nan zuwa sama, abin da mai yawon gari zai ƙara samu bai kai kuɗin da zai ƙara ba.

Abin da nake so masu sauraro su riƙe shi ne, a Duwala derayer ba shi ne ke fara mutuwa ba, amma shi ake fara saye. Yaro ya dawo ya ce, "Baba, giya ba ta shiga." A tura shi wurin mai gyara, a dawo da labarin sai an sayi sabon derayer. A saka, a yi kwana kaɗan, ciwon ya dawo, saboda ba can yake ba.

Mai laifi na farko waya ce. Siririyar wayar ƙarfe ce, kaurinta bai fi milimita 1.2 ba, tana gudana cikin kube daga hannunka zuwa baya. Hannunka ke jan ta in za a hau babban faifai, amma in za a sauko ƙarami, sifirin ɗin derayer ne ke jawo ta da ɗan ƙarfinsa. To ruwa ya shiga kuben, musamman lanƙwasar nan ta ƙarshe kusa da taya inda taɓo ke fantsama, tsatsa ta kama, sifirin ya kasa. Alamar a fili take: giya na hawa lafiya, saukowa kuwa sai ta yi jinkiri ko ta ƙi. Ka ɗaga tayar baya, ka juya feda, ka tura derayer da babban yatsa. In ya tafi sumul ya dawo da kansa, lafiyarsa ƙalau, waya za ka canja. Ka nemi wadda ba ta tsatsa, ba mai ruwan tutiya ba, kuma a canja har da kuben. A nan akwai wani kuskure da ya yawaita. Kuben birki da na giya ba ɗaya ba ne. Na birki ya fi kauri, ƙarfen cikinsa a naɗe yake, yana ɗan matsewa in an ja, don haka in aka sa shi a giya ba za ta taɓa zama daram ba. Na giya kuma, wayoyin cikinsa a miƙe suke, in aka sa shi a birki yana iya fashewa ranar da ka damƙe da ƙarfi a gaban mota. Na farko ɓacin rai ne, na biyu asibiti.

Mai laifi na biyu shi ne ɗan kunnen ƙarfen da derayer ke rataye a jikinsa. Keke ya faɗi ta dama sau ɗaya a ƙofar masallaci, ko an danne shi da wasu kekunan cikin kwantena tun daga Antwerp ko Le Havre, kunnen ya lanƙwashe ciki. Daga nan ko mai gyara ya wuni yana murɗa sukurori biyun nan masu alamar H da L, ba abin da zai gyaru, domin aikinsu kawai tsayar da derayer kada ya wuce iyaka ta waje ko ta ciki. Ka tsuguna a bayan keken ka duba. 'Yan tayoyin biyu su kasance a saitin faifan da sarƙa ke kai, a miƙe sak. In sun karkata wajen sifok, kada ka bari yaro ya hau babbar giya, derayer zai faɗa cikin taya, a yi asarar derayer da sifok da wataƙila haƙoran yaron. Abin mamaki, a nan keken baƙin ƙarfe mai araha ya fi na alminiyam mai tsada. Kunnen baƙin ƙarfe ana miƙe shi a ci gaba da tafiya. Na alminiyam ana miƙe shi sau ɗaya ko biyu sai ya karye ƙaras, kuma kowane kamfani da siffar nasa, iri ɗaruruwa. Ka je ka nemo na wani keke ƙirar Rockrider da aka daina yi shekara goma sha biyar ka gani. Shi ya sa in za a kwantar da keke, a kwantar da shi ta hagu.

Na uku sarƙa. Tazarar ƙusoshinta rabin inci ne, don haka daga ƙusa ɗaya ka ƙirga ashirin gaba, sabuwar sarƙa za ta ba ka santimita 25.4 cif. Ka ari tef ɗin tela, New Bell ba ta rasa tela. In awon ya doshi 25.6, sarƙa ta gaji, a canja ta yanzu. In aka bar ta, sai ta cinye haƙoran faifan baya su dace da tsufanta, ranar da ka sa sabuwa kuma ta dinga tsallake duk lokacin da ka danna feda, dole ka sayi duka biyun. Abin da ke saurin kashe ta baƙin man inji ne da ake ɗibowa wurin masu gyaran babur. Yana da datti tun asali, yana kama yashi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin kowace gaɓa. Mai mai tsabta, ɗigo-ɗigo, a goge na waje da tsumma. Bayan an sha ruwan sama a goge a sake ɗiga. Kuma keke ya kwana a zaure ko ƙarƙashin rumfa, ba tsakar gida ba.

Mu koma kan kekunan brocante, domin nan ne rikicin haɗe-haɗe yake. Madannin giya mai ƙas-ƙas, wanda kowane danni ke ba ka giya ɗaya, Shimano ne ya yaɗa shi daga 1984. Sirrinsa shi ne kowane danni na jan waya wani ƙayyadadden tsawo, derayer ya matsa wata ƙayyadaddiyar tazara, ta yi daidai da tazarar faifan baya. Uku ne dole su yi yare ɗaya. Labari mai daɗi shi ne, derayer ɗin Shimano na keken dutse daga giya 6 har zuwa 9 jansu iri ɗaya ne, kana iya sa na wannan a wancan muddin madanni da faifan baya adadinsu ya zo ɗaya. Sarƙar giya 6 da 7 da 8 ma ɗaya ce. Wannan babbar ni'ima ce ga talaka, ita ta sa kayan suke ko'ina. Daga giya 10 na keken dutse, wanda ya shigo a 2010, Shimano ya sauya jan. SRAM kuwa, kamfanin Shikago da aka kafa a 1987, derayer ɗinsa irin su X3 da X4 da X5 jansu daban ne, madannin Shimano ba zai tuƙa su ba ko da adadin giya ya yi daidai. Tsofaffin kekunan Faransa, Peugeot da Gitane da MBK, wasunsu na zuwa da Sachs-Huret ko Simplex, su ma duniyarsu daban. Kamfanin microSHIFT na Taiwan yana yin madanni masu sauƙin kuɗi da ke tafiya da Shimano, amma jerinsa mai suna Advent da kansa kaɗai yake tafiya. Mai gyaran da bai san wannan ba zai yi ta murɗa har magariba, ya ce maka keken ne mai taurin kai.

Akwai mafita, kuma tsohuwa ce. Kafin 1984 kusan duk duniya da sauraron ƙarar sarƙa ake canja giya, har 'yan tseren Tour de France, da aka yarje musu derayer tun 1937. Madanni ne marar ƙas-ƙas, ka tura da babban yatsa a hankali har sarƙa ta hau, ka ɗan daidaita ƙara ta ɗauke. Har gobe ana yin sa, SunRace na cikin masu yi, kuma yana cikin mafi araha a kasuwa. Ba ruwansa da wane kamfani ya yi derayer, ba ruwansa da giya shida ce ko takwas, waya ta ɗan yi nauyi ko kunne ya ɗan karkace yana haƙuri. Wasu tsofaffin madannin Deore ma suna da ɗan maɓalli da ke mayar da su daga ƙas-ƙas zuwa wannan. In ka ga irinsu jikin keken gwanjo, kada ka yarda a cire maka da sunan zamani. Yaro zai koya cikin yini guda. Ni da za a tambaye ni abin da ya dace da keken aike a unguwar Hausawa, sai in ce faifai ɗaya a gaba, bakwai ko takwas a baya, da wannan madanni. In an cire derayer ɗin gaba, a rage tsawon sarƙa, ko kuma a bar shi a ɗaure shi a tsakiya ya zama mai tsare ta kada ta zame.

Madannin murɗawa na roba da ke zuwa da sababbin kekunan araha shi ne ya fi saurin fashewa, kuma hannu mai gumi na zamewa a kansa. Wanda aka haɗe da hannun birki, irin EZ-Fire, yana aiki da kyau, illarsa in ɗaya ya karye sai ka sayi biyun. Sannan in ka sami keken brocante da madanninsa ke tafiya fayau ba ya kama komai, kada ka yi saurin jefarwa. Sau da yawa tsohon giris ne ya daskare a ciki bayan shekaru a ɗakin ajiyar wani Bature, ya riƙe ɗan harshen da ke kama haƙora. A buɗe murfin, a wanke da kananzir, a ɗiga mai, sai ka ji ƙas ya dawo.

A gurguje, faifan baya iri biyu ne. Firiwil, wanda ake murɗawa jikin taya, shi ne a kan mafi yawan masu giya 6 da 7. Yana da araha, ana samunsa, amma boris ɗin gefen da yake ɗaure yana can ciki, don haka sandar taya na lanƙwashewa in ana goyon aboki ko buhu. Kaset ya fi ƙarfi ta nan. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai kaset.

Samari kuma da ke kallon bidiyon kekuna masu giya 12 a waya, irin wanda SRAM ya fito da shi a 2016, ku sani sarƙarsu ta fi siranta, saitinsu ba ya yafe ko ɗan karkacewa, kuma kaset ɗin wasunsu kaɗai ya fi sabon keken Sin tsada. In ya lalace sai an yi odarsa daga waje. Abin lura, F.K. Day, ɗaya daga waɗanda suka kafa SRAM ɗin, da ya kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005 ya zo yi wa ƙauyukan Zambiya da Kenya keke, Buffalo ya yi musu, baƙin ƙarfe, kariya mai ɗaukar kilo 100, giya ɗaya tak. Mutumin da ke cin abinci da sayar da giya ke nan. Saboda haka kafin ka biya, tura keken wurin mai gyaran unguwarku, ka nuna masa derayer da kunne da madanni, ka ce, "Malam, in wannan ya karye, kana da shi?" Amsarsa ta fi sitika.

Kalma ta ƙarshe ga masu gyara ne, iyayen gida da yaransu. A 2023 Shimano ya fito da sabon jeri mai suna CUES, wanda ke maye gurbin yawancin Alivio da Acera da Altus masu giya 9 zuwa sama. Haƙoransa sun fi kauri don su daɗe, wannan abin so ne a garin yashi. Amma jan wayarsa sabo ne, ba ya tafiya da tsohon madanni ko tsohon derayer, ko da duka Shimano aka rubuta. Kekunan da Turawa ke saye yau su ne za su sauka a tashar jirgin ruwan Duwala nan da 'yan shekaru. In kun ga an rubuta CUES ko Linkglide, madanni da derayer da kaset duk su zama na gidan, kada a cusa masa na Altus ɗin da ke cikin akwati. Tourney da kayan giya 7 da 8 dai har yanzu ana ƙera su, ba su da niyyar ɓacewa gobe.